Ambaliyar Wutar Lantarki da Wayar da Ba Ta da Turjiya: Misali Daga Tibati da Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ke da lantarki ya san abin da ke faruwa idan ɓera ya ci rigar wayoyi biyu har suka haɗu: a ji ƙara tas, a ga tartsatsi, fis ya ƙone, ɗaki ya yi duhu. Masu gyaran wuta a Kano da Zariya sukan ce wuta ta yi "shot", takwarorinsu na Garwa da Ngaundare kuwa sukan ari kalmar Faransanci. A cikin gida abin ba ya wuce a sayo sabon fis. A babbar tashar rarraba wuta kuwa, irin wannan haɗuwa tana iya narkar da ƙarfe mai kaurin damtsen mutum, ta fasa taransifoma, ta bar lardi guda cikin duhu na makonni.

Wannan takarda za ta yi bayanin wata na'ura da aka ƙera domin rage ƙarfin wutar da ke kwararowa a lokacin irin wannan haɗari, na'urar da ke aiki da wata irin waya wadda sanyi mai tsanani yake kawar mata da turjiya gaba ɗaya. An ɗauki garin Tibati a matsayin misali saboda dalilin da zai bayyana a gaba. Kafin nan ya kamata a daidaita kan kalmomi, tunda har yanzu Hausa ba ta tsayar da suna ɗaya ga wasu daga cikin waɗannan abubuwa ba. A nan, "kwarara" na nufin yawan wutar da ke bi ta cikin waya, ana auna ta da amfiya. "Matsi" shi ne ƙarfin da ke tura ta, ana auna shi da bolt. "Turjiya" ita ce cijewar da waya ko kayan wuta ke yi wa kwarara, ma'auninta om. Wutar da ke ɓarkewa idan wayoyi sun haɗu kuwa mun kira ta "ambaliyar wuta". Mutanen da ke zaune a gaɓar Binuwai, daga Garwa zuwa Yola da Makurɗi, ba su buƙatar a fassara musu wannan kalma, musamman waɗanda suka ga abin da ya faru a 2012 da 2022.

2.0 Daga Ina Ambaliyar Take Fitowa?

Ƙa'idar mai sauƙi ce: a raba matsi da turjiya, abin da ya fito shi ne kwarara. Ƙwan fitila mai wat 100 a kan matsin bolt 220 yana da turjiyar da ta kusa om 480, don haka wutar da yake ja ba ta kai rabin amfiya ba. To, a ce wayoyin nan biyu sun haɗu kafin su isa ga ƙwan. Yanzu babu abin da ya rage a kan hanya sai turjiyar ita kanta wayar, a ce om 0.2. Idan aka raba 220 da 0.2 za a sami amfiya 1,100. Ke nan cikin ƙiftawar ido kwararar ta ninka fiye da sau dubu biyu, ba don an ƙara wani inji ba, sai don abin da ke tare ta ya kau.

Ɓarnar tana zuwa ta fuska biyu. Ta farko zafi ne, ta biyu kuwa fizgar maganaɗisu, domin duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana jan maƙwabciyarta ko tana ture ta. Abin lura shi ne, duka biyun ba sa ƙaruwa kafaɗa da kafaɗa da kwarara, ninkin-ba-ninki suke yi. Idan kwarara ta ninka sau 20, zafi da fizga za su ninka sau 20 sau 20, wato sau 400. Shi ya sa ake samun sandunan jan ƙarfe sun lanƙwashe a cikin tasha kamar an murɗa kara.

Akwai kuma batun lokaci, wanda shi ne ƙashin bayan wannan takarda. Wutar da ake rarrabawa a Kamaru da Nijeriya da Nijar tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, wato kowane zagaye yana cin kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa. Toroƙon farko na ambaliya, wanda ya fi kowane muni, yana isowa kafin a cika rabin zagaye, wato cikin kashi 10 na dubun. Makatsin wuta na babbar tasha, wanda ma'aikata ke kira bireka, yana buƙatar na'urar tsaro ta fara gane cewa an sami matsala, ta ba shi umarni, sannan ƙarafunansa su rabu, tartsatsin da ke tsakaninsu ya mutu. Duk wannan yakan ci kashi 60 zuwa 100 cikin dubu na daƙiƙa. A idon ɗan Adam wannan ba komai ba ne, amma a wajen taransifoma an riga an sha dukan farko, da na biyu, da na uku. Har ila yau kowane makatsi yana da iyakar amfiyar da zai iya yankewa. Idan ambaliya ta wuce wannan iyaka, shi kansa ne zai fashe.

Wani abin da ɗalibi zai yi mamakinsa shi ne, ƙarfin ambaliya yana ƙaruwa ne daidai da yadda harkar wuta take inganta. Kowane sabon inji da aka jona, kowane sabon layi da aka ja tsakanin tashoshi biyu, ƙarin rafi ne da zai zuba cikin ramin idan ya buɗe. Makatsin da aka saya shekara ashirin da suka wuce yana iya wayar gari ya yi kaɗan, alhali babu abin da ya lalace a jikinsa.

3.0 Tibati Tsakanin Layuka Biyu

Tibati shi ne babban garin gundumar Jerem a jihar Adamawa ta Kamaru, tsohon gari ne mai lamiɗo, kuma Hausawa fatake sun daɗe da saninsa. A kudu da garin akwai madatsar Mbakau a kan kogin Jerem, wadda aka gama a 1969. Ba don ta ba Tibati wuta aka gina ta ba. Aikinta shi ne ta tara ruwan damina, ta riƙa sakinsa da rani zuwa kogin Sanaga, domin injinan da ke can kudu, a Edeya da kuma Song Lulu daga baya, kada su tsaya. Shekaru da dama ruwan Tibati yana haska Duwala da Yawunde, shi kuwa garin yana dogaro da injinan gas. Sai a 2022 aka ƙaddamar da wata ƙaramar tashar ruwa a Mbakau mai ƙarfin megawat 1.4, wadda aka ja layinta zuwa Tibati da ƙauyukan da ke kan hanya.

A arewa kuma labarin daban ne. Garwa da Marwa da Ngaundare suna kan layi guda wanda uwarsa ita ce madatsar Lagdo a kan Binuwai, wadda aka gina da taimakon ƙasar Sin tsakanin 1977 da 1982. Injina huɗu gare ta, jimillar ƙarfinsu megawat 72. Tun da aka kafa shi, wannan layi na arewa zaman kansa yake yi, ba ya haɗe da na kudu. Da ruwan Lagdo ya ja baya sosai a 2020 da 2021, sai aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa a jihohin arewa uku, ba tare da kudu ta iya kawo ɗauki ba.

Maganin da aka tsara shi ne a ɗinke layukan biyu. A 2020 Bankin Duniya ya amince da zuba kuɗi a aikin haɗa wutar Kamaru da ta Chadi, kuma kashin farko na tsarin shi ne layi mai matsin bolt 225,000, tsawonsa fiye da kilomita 500, daga yankin Nachtigal ya bi ta Yoko da Tibati ya kai kusa da Ngaundare. Tashar Nachtigal, wadda ke kan Sanaga, megawat 420 take bayarwa, kuma injinta na bakwai, na ƙarshe, ya fara aiki a 2025. Tsarin ya tanadi tashar rarraba wuta a Tibati. Wato ruwan da ya bar Mbakau ya gangara kudu zai komo gida ta cikin waya. To amma garin da ya saba da inji mai megawat ɗaya da ɗoriya zai sami kansa jone da injina masu ɗaruruwan megawat. Tambayar da injiniya zai fara yi ita ce: idan wayoyi suka haɗu a nan, amfiya nawa za su kwararo, kuma wa zai tare su?

Hanyoyin da aka saba da su sanannu ne. Ana iya sauya makatsai da waɗanda suka fi su ƙarfi, abin da ke cin kuɗi da lokaci. Ana iya raba tasha gida biyu don kada injina duka su zuba wuri ɗaya, sai dai hakan ya warware ɗinkin da aka sha wahalar yi. Ana iya sa wani babban naɗin waya a kan layi ya riƙa cije wa wuta, amma shi ba ya bambanta ranar lafiya da ranar haɗari, kullum yana rage matsi yana cin wani abu. Fis kuwa yana da sauri, illa dai sau ɗaya yake aiki, sai an aiko mutum ya sauya shi. Abin da ake nema shi ne mai gadin da ba a jin ɗuriyarsa sam idan ana zaman lafiya, ya miƙe da kansa kafin toroƙon farko ya iso, ƙura na lafawa kuma ya koma ya kwanta.

4.0 Waya Marar Turjiya

A 1911, a garin Laiden na ƙasar Holan, wani masani mai suna Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba da ruwan iskar hiliyam har zuwa digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Sai ya ga turjiyarta ta ɓace. Ba raguwa ta yi ba, ɓacewa ta yi ɗungurungum. Jan ƙarfe da azurfa, duk da kyawunsu wajen ɗaukar wuta, ba sa yin haka komai sanyin da aka ba su. Shekara 75 wannan abu ya kasance na ɗakin bincike da wasu 'yan na'urori masu tsada, domin hiliyam yana da wuyar samu da wuyar adanawa.

A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller, a ɗakin binciken kamfanin IBM da ke kusa da Zurik, suka gano irin wannan hali a jikin wani haɗi mai kama da tangaran, a sanyin da bai kai na zaiba tsanani ba. Shekara guda bayan haka aka ba su kyautar Nobel. A 1987 ɗin ne kuma wasu masana a Amurka, ƙarƙashin Paul Chu da Maw-Kuen Wu, suka haɗa wani tangaran da ake kira YBCO, wanda ke rasa turjiyarsa a wajen digiri 180 ƙasa da sifili. Muhimmancin wannan adadi shi ne, ruwan naitirojin yana tafasa ne a digiri 196 ƙasa da sifili, don haka ya isa ya riƙe wannan tangaran cikin halinsa. Naitirojin kuwa shi ne kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, kuma masana'antu sun daɗe suna mayar da shi ruwa da araha. Masana suna kiran waɗannan kayayyaki "masu aiki a zafi mai yawa", suna da ke iya ruɗar mai karatu; zafin nasu ya fi ƙanƙara sanyi nesa ba kusa ba.

Wannan hali yana da sharuɗɗa uku. Kada zafi ya wuce wata iyaka, kada maganaɗisun da ke kewaye ya wuce wata iyaka, kada kuma kwararar da ke bi ta ciki ta wuce wata iyaka. Da zarar an ƙetare ɗaya daga ciki, turjiya za ta dawo nan take. Ga mai son ya yi dogon layi da irin wannan waya, sharaɗi na uku aibi ne. Ga mai neman abin da zai tare ambaliya kuwa, shi ne ainihin abin da yake nema.

Ga yadda na'urar take. Ana shafa YBCO, kaurin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita ba, a kan wani siririn ƙarfe mai kama da zaren kaset, faɗinsa kamar santimita guda, a lulluɓe shi da azurfa. Zare ɗaya irin wannan yana ɗaukar ɗaruruwan amfiya. Sai a naɗe shi, rabi ta dama rabi ta hagu don maganaɗisun ɓangarorin biyu ya kashe juna, a nutsa shi cikin ruwan naitirojin a wata tukunya mai bango biyu, irin ginin fulas ɗin shayi, a jona shi a kan layi yadda duk wutar za ta bi ta cikinsa. A ranar lafiya wuta tana wucewa kamar babu kowa a wurin. Idan wayoyi suka haɗu a wani wuri, kwarara ta fara hawa, tana ƙetare iyakar zaren sai turjiya ta bayyana, turjiyar ta haifar da zafi, zafin ya ƙara turjiyar. Cikin kashi ɗaya ko biyu na dubun daƙiƙa hanyar da take a buɗe ta zama ƙunci, tun toroƙon farko bai kai ƙololuwarsa ba. Babu na'urar da ta gano matsalar, babu wanda ya ba da umarni. Ɗabi'ar abin ce kawai, kamar yadda ruwa ba ya jiran izini kafin ya tafasa.

A kula, na'urar ba ta yanke wuta, rage ta take yi. Da gangan ake barin wani kaso ya wuce, domin na'urorin tsaro su gane inda matsalar take, makatsi ya buɗe a kan kwararar da yake iyawa da ita. Bayan nan zaren yana buƙatar ya huce, daga 'yan daƙiƙoƙi zuwa abin da ya fi haka, kafin a mayar da shi bakin aiki. Babbar wahalar maƙera ita ce zaren ya ɗauki zafi bai ɗaya. Idan wani ɗan gurbi ya riga sauran komawa ga turjiya, duk zafin zai taru a kansa ya ƙone shi, shi ya sa ake jera wata hanyar ƙarfe a gefe wadda wuta za ta kauce ta bi.

Akwai wani samfurin da ba ya barin zaren ya yi zafi. A cikinsa, naɗin waya marar turjiya yana cika wani babban ƙarfe da maganaɗisu har ya ƙoshi, kamar ƙasar fadama da ta sha ruwa ta daina tsotsa. Muddin ƙarfen yana ƙoshe, wutar layi tana wucewa ta naɗin da ke jikinsa ba tare da cikas ba. Ambaliya ce ke fitar da shi daga ƙoshin, sai ya shiga cije mata. Wannan samfuri yana komawa aiki nan da nan, amma nauyinsa da girmansa ba kaɗan ba ne.

Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. A 1996 kamfanin ABB ya gwada irin wannan na'ura a wata tashar ruwa da ke Löntsch a ƙasar Suwizalan. A 2004 aka jona wata mai matsin bolt 10,000 a kan layin garin Netphen a Jamus. A 2009 kamfanin Nexans ya kafa wata a tashar kwal ta Boxberg, ita ma a Jamus, wadda aka tsara ta riƙa ɗaukar amfiya 800 a kullum, ta kuma danne ambaliyar amfiya 63,000 zuwa abin da bai wuce 30,000 ba tun a toroƙon farko. Ƙasar Sin ta kafa samfurin ƙarfe mai ƙoshi a kan layin bolt 220,000 a Tianjin a 2012, Rasha kuma ta jona samfurin zare a kan irin wannan matsi a Mosko a 2019. Wanda ya dubi jerin nan zai ga abu ɗaya: ko dai cikin tashar samar da wuta ne, gab da manyan injina, ko kuwa inda layuka suka cunkushe kusa da birane da masana'antu.

5.0 Ko Tibati Tana Buƙatarta?

A ra'ayin mai wannan takarda, ba yanzu ba, kuma lissafi ne ya nuna haka. Tashar Mbakau mai megawat 1.4, idan aka ɗauka layinta na bolt 30,000 ne kamar yadda aka saba a karkarar Kamaru, kwararar da take bayarwa ba ta wuce amfiya 27 ba. Ko ambaliya ta ninka wannan sau shida, ba a kai amfiya 200 ba. A kwatanta da 63,000 na Boxberg.

To idan babban layin ya iso fa? A nan nisa ne yake yin gadi. Layi mai matsin bolt 225,000 yana cije wa wuta da kimanin om 0.4 a kowace kilomita. A ɗauka tsakanin Nachtigal da Tibati kilomita 300 ne, an sami om 120 ke nan. Matsin da ke tsakanin kowace waya da ƙasa a irin wannan layi bolt 130,000 ne. Idan aka raba, za a sami amfiya 1,100 ko ƙasa da haka, in layin tagwaye ne a ninka biyu, a ƙara ɗan abin da zai gangaro daga Lagdo. Makatsan da ake ƙerawa domin wannan matsi kuwa sukan yanke amfiya 31,500 ko 40,000. Tazarar tana da faɗi ƙwarai. Inda lissafin zai iya matsewa shi ne can kudu, kusa da manyan injinan Sanaga da tashoshin da ke ciyar da Duwala da Yawunde, idan aka ci gaba da jona sababbin madatsu a kansu.

Sannan ga hidimar na'urar. Injin sanyayawa dole ya yi ta aiki dare da rana, yana cin tasa wutar, a ƙasar da zafin bazara a Garwa yakan haura digiri 40. Dole a sami mai kawo naitirojin da ma'aikacin da ya san kan tukunyar. Gaskiya ne idan sanyi ya ƙare na'urar ba ta fashewa, turjiya kawai take komawa, amma hakan na nufin layin ya tsaya ko a kewaye ta.

Hasali ma, matsalar da ta fi kusa da arewacin Kamaru kishiyar wannan ce. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Gidar da Marwa a 2022 da 2023 ba su da inji mai juyawa. Wutarsu tana fitowa ne ta na'urorin lantarki waɗanda ba sa barin kwarara ta wuce ƙa'idarta sai da ɗan kaɗan, ko da wayoyi sun haɗu. Haka kuma dogon layin karkara, irin wanda ke ratsa daji daga Mbakau zuwa ƙauyuka, yana shanye ƙarfin ambaliya kafin ta je ko'ina. Idan iskar farkon damina ta kayar da reshe a kan waya a ƙarshen irin wannan layi, ko waya ta tsinke ta kwanta a kan busasshiyar ƙasa, kwararar da za ta biyo baya tana iya zama daidai da ta injin niƙa biyu ko uku da aka tayar lokaci guda. Na'urar tsaro da ke tasha ba za ta ga wani abin tashin hankali ba, makatsi ba zai buɗe ba, wayar kuwa tana nan kwance da wuta a jikinta a kan hanyar da makiyaya da masunta suke bi.